Ba Ta Taɓa Kiran Sunana Ba

A ƙasar Hausa idan babban mutum ya rasu, sarki ne ko attajiri ko malami, kafin a yi sadakar uku ka ji tarihinsa a rediyo, ka gan shi a jarida: ranar da aka haife shi, makarantun da ya yi, muƙaman da ya riƙe, har da yawan 'ya'ya da jikokin da ya bari. Amma idan tsohuwar ƙauye ta rasu, duk tarihinta ba ya wuce abin da masu ta'aziyya ke faɗa a zaure, wato, "Allah ya jiƙanta, mace ce mai haƙuri." Daga nan a shafa fatiha, kowa ya sa takalminsa ya kama gabansa. Ni ba na jayayya da wannan shaida, domin gaskiya ce. Sai dai kalmar haƙuri kamar buhu ce da aka ɗinke bakinsa, kowa ya san da kaya a ciki, amma ba mai tsayawa ya ga ko mene ne. Abin da nake roƙon mai karatu shi ne ya ba ni aron ɗan lokaci in farke bakin buhu guda ɗaya, na mahaifiyata, wadda Allah ya yi wa rasuwa bayan kakar shekarar 2023.

Inna muke ce mata, mu 'ya'yanta da jikokinta har da maƙwabta. An haife ta a wani ɗan ƙauye a ƙasar Ɗambatta, arewa da birnin Kano, aka kai ta aure wani ƙauyen da bai fi tafiyar sa'a ɗaya a ƙafa ba, kuma a can ta ƙare rayuwarta. Ba ta da takardar haihuwa, amma tana da nata lissafin. Takan ce tana wasan ƙasa aka riƙa ɗibar samari zuwa yaƙin Bama, an ɗaura mata aure shekarar da aka yi sabon sarki bayan rasuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ta kuma haife ni shekara guda bayan Sarauniyar Ingila ta zo Kano. Da na auna maganarta da abin da ke cikin littattafai, sai na ga sojojinmu sun tafi Bama a 1943, Sarki Abdullahi ya rasu a ƙarshen 1953, Sarauniya kuma ta zo a 1956. Ke nan an haife ta wajen 1940, ta yi aure a 1954, ta haife ni a 1957, ta bar duniya tana da shekara 83 ko kusa da haka.

Wanda bai san irin ƙasarmu ba, da wuya ya fahimci Inna. Daga Ungogo zuwa Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi, Makoɗa har Ɗambatta, da wuya ka ga abin da ake kira daji. Gona ce ke bin gona, iyakarsu ɗan layin gamba ko lalle ko bini-da-zugu, gidaje kuma a warwatse a tsakiyar gonaki. Kowace bishiya da mai ita, gawo ne ko ɗorawa ko kuka ko tsamiya. A wasu ƙasashen manomi kan bar gona ta huta shekara biyu ko uku, mu kuwa ba mu da wannan gata, domin jama'a sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan. Gonar da kakana ya noma ita mahaifina ya noma, kowace damina ba hutu, kuma abin da ya hana ta mutuwa shi ne taki. Da rani za ka ga jakuna da mangala suna kai shi gona ana jibgewa tsibi-tsibi, wasu ma har daga cikin birni suke ɗauko shi bayan sun kai itace. Masana irin su Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, sun yi shekaru suna nazarin yadda ƙasar kewayen Kano ke ciyar da jama'a masu yawa haka, suka ga asirin yana cikin taki da bishiyoyi da dabbobin gida. Abin da zan ƙara a kan bincikensu shi ne, a gidanmu awakin da ke ba da takin nan na Inna ne, kuma hannunta ne ke share turke kullum safiya ya tara shi.

Ni ne ɗan farinta, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da wannan ke nufi. Ranar da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, uwar mahaifina, a can na girma. Inna ba ta yi mini wasa, ba ta haɗa ido da ni in da mutane, sunana kuwa tun da aka raɗa mini shi bai taɓa fita daga bakinta ba. In ta so aikena sai ta ce da ƙanwata, "Gaya wa wancan ya zo." Akwai wani yaron maƙwabta mai irin sunana, shi ma ta laƙaba masa wani sunan dabam don kada bakinta ya kuskure. Yaran yanzu in sun ji haka sai su ɗauka ƙiyayya ce, alhali kunya ce, kuma kunyar tana da nata harshen da take magana da shi. Ranar da zan tafi makarantar kwana, duk gida aka fito rakiya ban da ita, na jiyo ta tana ta daka kamar ba abin da ke faruwa. Sai da na isa makaranta na buɗe akwati na tarar da ƙullin ƙuli-ƙuli, da kwalbar man gyaɗa, da wani ɗan tsumma da aka ƙulle sule bakwai a ciki. Ba wanda ya gaya mini daga inda suka fito, ni ma ban tambaya ba. Na dai san sule bakwai a wancan lokaci ribar makonni ce ga mai suyar ƙuli-ƙuli.

Mutanen birni da yawa suna zaton matar kulle zaune kawai take. To, bari in faɗi yinin Inna. Tun kafin kiran assalatu ta tashi, ta hura wuta, ta ɗora ruwan alwalar maigida. Bayan salla ta dama koko, ta share tsakar gida da turke, sannan ta shiga surfe da daka, domin a lokacin babu injin niƙa kusa da mu. In ta gama da abincin gida sai ta juya ga sana'arta. Gyaɗar da aka ɓare da daddare za ta soya, ta murje, ta fece, ta daka ta har ta yi laushi, ta riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa har mai ya tsatso, ta matse tunkuza, ta mulmula ta soya ƙuli-ƙuli a cikin man da ta fitar. Ƙannena mata su ɗauki talla gida-gida, ranar kasuwa kuma a ba wa wani dattijo amintacce kwalaben mai ya kai Ɗambatta. Da daddare, in an gama tuwo, ta jawo mazari da alli ta yi kaɗi a hasken aci-bal-bal, zaren kuma masaƙa ke zuwa saye. Ba ta taka ƙofar gida ba, amma ta san farashin tiyar gyaɗa a kasuwa uku, ta san wanda ke binta da wanda take bi har kwabo, ba tare da alƙalami ba.

Zamanin ƙuruciyarta zamanin gyaɗa ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama kuɗi a ƙasarmu, ita ce aka riƙa tarawa dala-dala a birni kafin a kai ta Ikko. Amma manomi bai cika ganin daɗin dalar nan ba, domin da zarar kaka ta yi, sai ga dagaci da maganar haraji. Shekarar da gyaɗa ta yi kyau a biya a huta, shekarar da ta ƙi kuwa magidanci ya rasa inda zai sa kansa. Na tuna wata shekara ina ƙarami da mahaifina ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba saboda wa'adin da aka ba shi. Inna ba ta ce masa komai ba. Ta sauko da babbar tasa daga jerenta, cikin kayan da iyayenta suka yi mata, ta aika aka sayar, ta sa kuɗin a ƙarƙashin buzunsa na salla. Har ya koma ga Allah ban taɓa jin ɗayansu ya ta da zancen ba. Shi ya sa lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan hawansa mulki a 1979, Inna ta dafa ɗanwake ta raba wa almajirai. A shekarar ce kuma ta fara jefa ƙuri'a a rayuwarta, ta ce ita mabuɗi ta zaɓa, don ta ji an ce jam'iyyar Malam Aminu Kano ce.

Haihuwa 11 ta yi, mu 7 muka rayu. Wannan lissafi ba baƙo ba ne ga matan zamaninta, kusan kowace da irin nata. Biyu daga cikin ƙannena ƙyanda ce ta ɗauke su a mako guda, cikin bazara, ɗaya ran Litinin ɗaya ran Juma'a. Ban ga hawayenta ba, domin a lokacin abin kunya ne uwa ta yi kuka a gaban surukai. Abin da na gani shi ne ta daina saƙa wani ɗan faifai da ta fara, ta rataye shi haka nan rabi a jikin bango, ya yi shekaru a wurin. Wannan rashi ne ya sa duk lokacin da masu lamba suka zo ƙauyenmu, tun zamanin da ake yaƙi da agana a ƙarshen shekarun 1960, ita ce kan gaba wajen tura yara, ko da wasu na ɓoye nasu a rumbu. Takan ce, "Wanda bai binne biyu a mako ɗaya ba, shi ke gardama."

Sai shekarar 1973, wadda duk wanda ya yi wayo a Arewa ba zai manta da ita ba. Ruwa ya yi jinkiri, da ya zo kuma ya ɗauke tun hatsi bai nuna ba. Gero ya tsaya iya gwiwa, dawa ta bushe a tsaye, rijiyoyi suka ja baya, muka riƙa ganin mutanen Nijar suna wucewa da 'yan ragowar dabbobinsu sun nufi kudu. A irin wannan shekara ake gane wace ce uwar gida. Mahaifina ya tafi cin rani da wuri, ya bar wa Inna abin da bai kai rabin rumbu ba da bakuna fiye da goma. Ta mai da girki sau ɗaya a yini. Ta sa yara su tsinko tafasa da yaɗiya da zogale, ta dafa ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ta yadda tiya ɗaya ta hatsi za ta yi aikin biyu. Awakinta tara ta riƙa sayarwa ɗaya bayan ɗaya a kan farashin banza, amma ta ƙi taɓa uwar garken, ta kuma ƙi taɓa irin shuka da ta ɓoye a tukunya ta liƙe bakinta da laka. Da na zo hutu, sai na lura kullum in an raba abinci takan ce ita ta riga ta ci a madafa. Ƙanwata ce ta tsegunta mini cewa ƙanzo kawai take jiƙawa ta sha. Da damina ta dawo, gidaje da yawa sai da suka ci bashin iri, mu kuwa aka fasa tukunyar Inna.

Ba a gama farfaɗowa ba, a 1975 cutar nan da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta faɗa wa gyaɗa, ganye ya nannaɗe, aka tuge ba 'ya'ya. Daga nan dalar gyaɗa ta fara zama labari, gyaɗa ta yi tsadar da mai ƙuli-ƙuli ba za ta fita ba. Wata macen da sai ta naɗe hannu. Inna ta dubi ɗorawa biyu da ke gonar gidanmu, ta koma daddawa. Aiki ne mai cin rai: a dafa kalwa yini guda, a surfa ta a cire ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta da ganye kwana biyu ko uku har ta ruɓa yadda ake so, sannan a kirɓa a yi ta fale-fale a shanya. Warin da ke korar baƙo daga tsakar gida, shi ya biya kuɗin littattafan ƙannena. Ba abin da ke zubewa a hannunta. Garin ɗorawa na yara ne, makuba ta daɓen ɗaki ce, tokar murhu ta gona ce, harawar wake da ta gyaɗa kuma a ɗora su a kan rufi don awaki su ci da rani.

Inna ba ta taɓa yarda da kuɗin takarda ba, kuma tana da hujja. A 1973 aka ce an daina fam da sule, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, tsofaffi da yawa aka cuce su a wajen canji. A watan Afrilu na 1984 aka sauya launin kuɗi, aka ba da 'yan kwanaki kaɗan, mutanen ƙauye da ba su da banki wasu suka wayi gari da takardun da ba sa sayen ko gishiri. A farkon 2023, tana tsohuwa tukuf, ta sake ganin mutane da kuɗinsu a banki amma sun rasa na cefane. Da aka ba ta labari sai ta yi dariya ta ce, "Ni ban taɓa jin gwamnati ta canza launin akuya ba." Bankinta ke nan: akuya da tunkiya da adashi da biki. In ƙawarta na aurar da 'ya ta kai mata gudunmawa, ranar nata bikin a mayar mata da ninki. Da haka ta yi wa 'ya'yanta mata huɗu kayan ɗaki, ba ta taɓa cin bashin ɗan kasuwa ba.

Akwai wani hukunci da ta yanke wanda har yau nake jinjina shi. A 1976 aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, aka buɗe aji a ƙauyenmu, aka ce a kawo yara har da mata. Ga mace mai sana'a a kulle, 'yar talla ita ce ƙafarta, ita ce kasuwarta. Saura ƙanwata ta ƙarshe kaɗai ke mata talla, sauran duk sun yi aure. Maƙwabta suka ce kada ta kuskura, wa zai sayar mata da daddawa, kuma da me za ta yi wa yarinyar kayan ɗaki? Inna ta kwana biyu tana juya maganar, ran na uku ta wanke yarinyar ta ce da mahaifinmu, "Malam, a rubuta da ita." Cinikinta ya ragu ƙwarai, ta koma jiran masu zuwa saye har gida. Yarinyar nan ita ce ta zama ma'aikaciyar jinya, kuma a hannunta matan ƙauyenmu da yawa suka haihu lafiya. Ita kanta Inna, bayan ta haura hamsin, ta shiga Islamiyyar matan aure da aka buɗe a zauren liman, tana zama sahu ɗaya da sa'o'in 'ya'yanta, har ta gyara karatun sallarta ta haddace surori da dama.

Mahaifinmu ya rasu a 1984, shekarar da aka sake yin fari. Ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, sannan aka zo rabon gado. A nan ne na fara ganin ciwon ƙasarmu ido da ido. Gandun da ya ciyar da gida guda aka yanka shi tsakanin magada, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya kamar yadda shari'a ta tsara, tumuni kuma Inna da abokiyar zamanta suka raba. Abin da ya zo hannunta bai fi a shanya gero a kai ba. Amma bayan shekara uku, wani maƙwabcin gonar ya matsu da kuɗi, ya nemi mai karɓar jingina. Inna ta sayar da tumaki biyu ta karɓa, tana nomawa ta hannun ƙanena har ranar da mai gonar zai dawo da kuɗin. Da ya ga ba zai iya fansa ba, aka kira dagaci da shaidu, ta cika masa kuɗi ta saya. Ranar ce na fara ganin ta fita gona da rana tsaka, ta zagaya iyakar da ƙafarta, ta dasa lalle a kusurwa huɗu.

Wanda ya san Inna uwa, in ya ga Inna kaka sai ya ce wata ce dabam. Duk wasan da kunya ta hana ta yi da ni, ta juye shi kan 'ya'yana. Babban ɗana "mijina" take ce masa, ta riƙa yi masa ƙorafin bai kawo kuɗin cefane ba, 'yata kuwa "kishiya" ce, kullum suna faɗan wasa a kan wa ta fi iya tuwo. Duk hutun makaranta sai sun tayar mini da hankali sai an kai su ƙauye. A wurinta suka san bambancin gero da maiwa, suka san gawo da damina yake zubar da ganye, shi ya sa hatsin da ke gindinsa ya fi kyau. A wurinta suka ji tatsuniya da bakin wanda ya iya ta, da muryar Gizo da ta Ƙoƙi, a kan tabarma, cikin farin wata. In sun yi laifi na ɗauko bulala, sai ta tura ƙaramarsu ta ce, "Je ki gaya wa ubanku, a gidan nan ba a dukan baƙi." Da na zama malamin makaranta ne ma Allah ya kawo mata sauƙi, ta samu sunan da za ta iya kirana da shi, wato Malam.

Da birni ya fara matsowa, filaye suka yi daraja, dillalai suka fara zarya a ƙauyenmu da motoci. Wani ya taya gonar Inna da kuɗin da zai kai ta Makka har ta yi tsaraba. Kowa ya san ba ta da burin da ya wuce ta ga Ka'aba, saboda haka wasu 'yan'uwa suka ce ai ga dama ta samu. Ta saurare su har suka gama, sannan ta ce, "In na sayar na je na dawo, a ina jikokina za su ci ɗanyar gyaɗa? Wanda ya wajabta hajji ya ce sai mai iko. Ni ikona bai kai ba tukuna." Muka yi shiru, domin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Mu bakwai muka shiga adashi a tsakaninmu, bayan shekara huɗu muka biya mata kujera, ta je ta sauke farali ta dawo, gonarta na nan. Da jikoki suka fara ce mata Hajiya sai ta ce su bari, ita Inna ce.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba, kwana 19 ne. An gama yankan gero, ana shirin girbin dawa. Ta sa aka kawo mata zangarniya ɗaya daga gonarta, ta murza a tafin hannu, ta ce bana an gode Allah, a fitar da zakka kafin a kai rumbu. Ta lissafa wa ƙanwata bashin da ake binta, naira ɗari takwas na wata mai kuka da kuɗin adashi zubi biyu, ta ce a biya kafin a ɗauke ta. Wanda take bi kuwa ta ce ta yafe. Ina zaune a bakin ƙofa a daren ƙarshe, ta buɗe ido ta ce, "Malam yana nan?" Aka ce yana nan. Ta ce, "To, ya je ya kwanta, akwai sanyi." Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan. Bayan sadakar bakwai, ƙanwata wadda ta yi shekaru tana kwana a ɗakinta ta gaya mini cewa kullum in ta idar da sallar dare takan bi 'ya'yanta da addu'a ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, daga ƙarami zuwa babba. In ta zo kaina sai ta ce, "Da na farin, ya Allah ka san shi," kuma a nan ta fi daɗewa.

Bayan arba'in muka zauna kan maganar gona. Malamin da ya raba gadon ya fitar wa kowa da haƙƙinsa, muka ga in aka bi da igiya aka yanka, kowa zai tashi da 'yan kunyoyin da ba za su ciyar da ko akuya ba, kuma ƙarshenta dillali ne zai bi mu ɗaya-ɗaya ya saye. Haka ta faru da gidaje da yawa a yankinmu, jikokin manoma sun koma sayen hatsi da tiya a kan ƙasar kakanninsu. Ba a rasa masu bukatar kuɗi a cikinmu ba, kuma bukatarsu gaskiya ce, an ɗan ja zance har rai ya so ɓaci. A ƙarshe muka daidaita a kan cewa kowa ya san rabonsa a rubuce, amma gona ta zauna a haɗe, ƙanenmu da ke ƙauye ya riƙa nomawa ana raba amfani, wanda kuma ya matsu ya sayar wa ɗan'uwansa. Ban san ko 'ya'yanmu za su riƙe wannan alkawari ba, su 30 da ɗoriya ne, yawancinsu a birni aka haife su. Abin da na sani shi ne damina ta sake zagayowa an shuka gonar, kuma lallen da ta dasa yana nan a kusurwa huɗu.

'Yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, ga inda zancen ya shafe mu. Littafin da duniya ta fi sani a kan rayuwar Bahaushiyar karkara shi ne na Baba ta Karo, wanda Baturiya Mary Smith ta zauna da tsohuwar ta rubuta daga bakinta a tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954. Shekara 70 ke nan da ɗoriya. Mu kuwa kowannenmu yana da irin wannan tsohuwa a gida, ba ya bukatar tafinta, ba ya bukatar izinin shiga. A bakinsu akwai tarihin fari da yunwa, da farashin kaya, da sunayen irin dawa da geron da suka ɓace, da kalmomin da babu su a ƙamus. Na ɗan yi irin wannan zama da Inna a shekarunta na ƙarshe, ina tambaya ta bakin jikoki tana amsawa, tana dariya tana cewa, "Me Malam zai yi da zancen tsohuwa?" Abin da na rubuta a nan daga ciki na tsakuro. Duk wanda tasa ke da rai, ya ɗauki littafi da biro ya je a wannan hutun, ya fara da tambayar shekarar da aka yi mata aure da abin da ake sayar da tiyar gero, sauran zance zai zo da kansa.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata kurakuranta, ya sa aljanna ce makomarta, ita da dukkan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Waɗanda ke raye kuma Allah ya ba mu ikon kyautata musu. Amin.